Direban Gungume a Kan Keke

Shekara talatin da ɗaya Direba ya yi yana fito da gungumen katako daga cikin dajin nan a babbar mota. Ko da aka hana sare itatuwa, aka gindaya ƙarfe a bakin hanyar, sunan bai bar shi ba. Maƙwabta Direba suke ce masa, mai kanti Direba, har matarsa in ya cika mata kunne da surutu takan ce, "To Direba, taka birki haka nan." Ya ɗan ja motar ma'aikata a cikin gari na shekara biyu, sai likita ya duba idonsa na hagu ya ce tuƙi ya ƙare. Daga nan ya koma gida ya zama mai gyaran abin da bai lalace ba. Ya kwance famfon kicin ya mayar, ya cire ƙofar banɗaki ya mayar, ya buɗe rediyo mai lafiya ƙalau, rediyon bai sake magana ba.

Cikin 'ya'yansu huɗu, Auta ce kaɗai ta rage a garin. Tana aiki a ofishin kula da gandun daji, sashen awo da taswira. Wata ranar Lahadi da la'asar ta shigo ta same shi a tsakar gida da agogon bango a cinyarsa.

"Baba, rakiya za ka yi mini."

"Zuwa ina?"

"Hanyar katako."

Ya ɗago kai. "An buɗe ta ne?"

"Za a buɗe ta, amma wa kekuna. Ba mota, ba babur. Mutane su shiga ta wannan ƙofar su fita ta wancan gefen, kilomita hamsin da takwas, da masauki a tsakiya ga mai son kwana. Ni aka ba aikin in bi ta in sa alama inda za a kafa alluna, in kuma rubuta wuraren haɗari. Abokin aikina ya karya hannu, kuma dokar ofis ba a shiga mutum ɗaya."

Direba ya yi dariya har ta koma tari. A zamaninsa mai keke abin yi wa hon ne ya kauce. Ya ce yanzu a ce hanyar da ya bi da tan ashirin a bayansa, ita ce za a ba masu ƙararrawa?

Matarsa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Tafi da shi, don Allah. Saura firji kaɗai bai kwance ba, kuma jiya na ga yana zagaya shi."

Rabonsa da hawa keke ya fi shekara arba'in. Kwana uku Auta ta yi tana kai shi filin bayan ofishinsu bayan an tashi, yana koyon hawa. Keken ofis ne, mai faɗin taya da giya barkatai. Ranar farko ya tambaya ina madubi, ta ce babu, wuyansa ne madubin. Ya ƙi hular kwano, ya ce shi ba ƙwai ba ne. Ta ce in ba hula ba tafiya. Ya sa. A rana ta uku yana iya zagaya filin sau biyar ba tare da ya sa ƙafa a ƙasa ba, sai dai duk kwanar da zai sha sai ya buɗe ta sosai, kamar yana jan tirela.

Suka isa bakin dajin ranar Alhamis da ƙarfe bakwai na safe. Auta ta ɗaure jaka biyu a kariyar kekenta, da gwangwanin fenti, da taswira a cikin leda, da ƙaramar na'urar awon nisa a kan keken. Shi aka ba ruwa da biredi da kayan faci. Da suka zo gun ƙarfen da aka gindaya, Direba ya tsaya yana jiran maigadi ya ɗaga. Maigadin ya gaishe shi, ya nuna masa wata 'yar kafa a gefe, daidai faɗin mutum da kekensa. Ta nan suka bi.

Kilomita biyar na farko hanyar shimfiɗe take. Ciyawa ta cinye tsakiyarta, ta bar layi biyu inda tayoyin motoci suka danne ƙasa tun da can. Auta ta ɗauki na dama, shi na hagu. Itatuwan sun haɗe kai a sama, inuwa ta rufe ko'ina, sanyi-sanyi. Abin da ya fara damunsa shi ne shirun. Ya san dajin nan da ƙarar inji da warin dizal, gilashi a rufe saboda ƙudaje. Yanzu yana jin ƙarar sarƙar kekensa, da numfashinsa, da wani tsuntsu da ke maimaita abu ɗaya.

"Wannan tsuntsun sabon zuwa ne?" ya tambaya.

"Ya riga ka zuwa, Baba."

Duk inda hanya ta rabu ko aka cika kilomita, Auta takan sauka ta shafa fenti a jikin dutse ko kututture, ta rubuta a littafinta. A tsayawa ta huɗu ta lura yana matse ido yana neman abin da ta shafa.

"Ba ka gani ba?"

"Na ga kututture."

Ta ce ya ja baya taku ashirin. Ruwan ɗorawa ne fentin, kuma a cikin inuwar nan ya saje da busasshen ganye. Ta ciro ƙaramin gwangwanin fari ta zana da'ira mai faɗi a kai. Ya ce yauwa, yanzu ya gani. Ta rubuta cewa allunan su zama farare da manyan baƙaƙen haruffa, ta ce daga yanzu shi ne ma'auninta, in ya gani kowa zai gani. Bai san ko yabo ne ko tsiya ba, amma duk tsayawa sai ya ƙirga takunsa ashirin ba tare da an ce ba.

A kilomita goma sha ɗaya suka iso hawan da direbobi ke ce wa Giya Ɗaya. Ya san shi sarai, amma da hannun giya ya san shi. Yau cinyoyinsa suka san shi. Bai kai kashi ɗaya cikin uku ba ya sauka ya kama turi, gumi na ɗiga daga ƙasan hular. Auta ta kai sama ta dawo da ƙafa ta karɓi keken.

"Wanda ya ƙera sirdin nan," in ji shi yana dafe da ƙugu, "bai da mazaunai."

"Da saura kilomita arba'in da bakwai."

"Ban tambaye ki ba."

Rigimar ta zo da tsakar rana, a mararraba ta kilomita ashirin da biyu. Hanya ta rabu biyu. Ta hagu ta gangara kai tsaye zuwa rafi, ta dama ta zagaya ta bayan tudu. Auta ta duba taswira ta karkata hagu.

"Ba nan ba," in ji Direba. "Dama za mu bi."

"Baba, ofis ta hagu ya zana. Ta fi kusa da kilomita huɗu."

"Wanda ya zana ya taɓa zuwa nan? Ta dama mu muka buɗe ta da hannunmu. Shimfiɗe take kamar tebur, da gada mai kyau a ƙarshe. Ita ce ta dace da masu keke."

"A hoton sama da muka duba ba a ganin ta."

"To ni ina ganin ta."

Ta sake kallon taswirar. Da abokin aikinta ne da tuni ta wuce. Amma ubanta ne, kuma tun safe wannan ne karon farko da ya miƙe bayansa sosai. Ta naɗe taswirar ta ce su gwada.

Kilomita ɗaya na farko ya ba shi gaskiya. Daga nan layin tayoyin ya fara ɓacewa. Ƙananan itatuwa masu kaurin hannu sun tsiro a tsakiyar hanya, ƙaya na kama musu wando. Suka sauka suna turawa, daga baya suka koma ɗagawa. Direba na gaba yana cewa saura kaɗan, daga wancan dutsen za ta buɗe. Suka wuce dutsen, ba ta buɗe ba. Da suka iso inda gadar take, sai suka tarar da ƙarafa biyu masu tsatsa a miƙe kan ruwa. Katakon da ke kansu ya ruɓe ya zube tun shekaru.

Ya tsaya yana kallon ƙarafan. Ya tuna ranar da aka kafa su, har da wanda ya riƙe igiya. Ya juya kekensa.

Komawa mararrabar ta ci musu fiye da awa ɗaya. Tayar Auta ta baya ta yi faci a hanya, ƙaya ta huda. Ya durƙusa zai karɓa, ta ce ya bari. Ta cire tayar, ta nemo hujin, ta liƙe, ta buga iska, duk ba ta dube shi ba. Sai da ta gama ta ce, cikin murya ƙasa-ƙasa, "Baba, ni fa aiki nake. Gobe ƙarfe huɗu mota za ta jira mu a wancan gefen, kuma ni za a tambaya."

"Na ji," ya ce. Ya ɗaga kekensa.

Suka koma mararraba suka kama ta hagu. Gangaren ya fara a hankali, mai daɗi, keke na tafiya da kansa. Auta ta saki birki, iska na kaɗa mata riga. Sai ta ji muryarsa a baya, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

"Tsaya! Sauka!"

Ta matse birki biyu, tayar baya ta ja ƙasa. Ta juyo a fusace, a zatonta wata sabuwar hanyar ce ya tuna. Ya iso ya sauka, numfashinsa na fita da ƙyar.

"Daga nan da ƙafa za mu tafi."

"Baba, mun riga mun ɓata awa uku."

"A ɓata ta huɗu. Can ƙasa, bayan itacen nan mai reshe biyu, hanyar ta karya hagu lokaci ɗaya. Ba a ganin kwanar sai an shige ta. Kuma ƙasar wurin ta karkata wajen kwazazzabo, ruwa yana tara yashi a kai. Birki ba ya kamawa."

"Taswira ta nuna kwana, amma ba ta nuna…"

"Ba za ta nuna ba. Akwai wani abokina, Dogo muke ce masa, ba ki san shi ba, kina goye lokacin. Motarsa na gaban tawa da minti goma. Ni na fara isowa na same shi da motarsa a ƙasan kwazazzabon." Ya share fuska da bayan hannu. "Shi ya sa muka buɗe ta daman."

Auta ta dube shi. A gida ba a taɓa ba ta wannan labarin ba. Ta sauka daga keken.

Suka gangara da ƙafa, suna riƙe da birki. Bayan itacen mai reshe biyu hanyar ta karya, yadda ya faɗa. Yashi ya kwanta a kwanar har yana shanye takalmi. Ciyayi sun rufe bakin kwazazzabon, mutum zai ɗauka fili ne. Auta ta ɗauki dutse ta jefa cikin ciyayin, suka daɗe kafin su ji ya faɗi. Ta fito da na'urarta ta auna karkatar ƙasar, ta auna faɗin hanyar, ta ɗauki hotuna daga sama da ƙasa. Ta koma baya mita ɗari biyu da ƙafa ta shafa farin fenti a dutse, ta ƙara wani a mita ɗari. Shafi biyu ta cika a littafin: a kwashe yashi, a gina magudanar ruwa, a kafa shinge mai ƙarfi, a sa allo cewa kowa ya sauka ya tura.

Shi kuwa ya zauna a kan wani gungume da aka manta tun zamanin saran, ya cire hular, yana kallon wurin. Da ta gama ta zo ta zauna kusa da shi, ta gutsura biredi ta miƙa masa rabi. Suka ci.

Rana ta yi ƙasa sosai lokacin da suka hango masaukin. Ɗakuna uku ne na katako da rumfa a gaba, a daidai wurin da a da ake loda gungume. Wata dattijuwa mai ƙiba tana share gaban rumfar. Ta tsaya, ta sa hannu a goshi.

"Wa nake gani haka a kan keke? Direba? Kai ne?"

Mai Shayi ce. A da nan take kafa teburinta, direbobi na tsayawa su sha su wuce. Da aka rufe hanya ta koma ƙauye, yanzu ofis ya ɗauke ta ta kula da masaukin. Ta yi ta dariya tana kallon yadda yake ƙoƙarin ɗaga ƙafa daga kan sirdi.

"Kai da ba ka saukowa daga mota, sai ka danna hon in kawo maka kofi ta taga. Yau ga ka ƙasa."

"Ki bar ni da abin da ya dame ni. Akwai kujera mai laushi?"

Ta kawo masa matashi ta ɗora a benci, ta dafa shayi da ƙwai. Suka yi ta lissafa mutanen da: wane ya rasu, wane ya koma wurin 'ya'yansa, wane har yanzu yana jan mota a wata ƙasa. Auta na gefe tana gyara rubutunta, tana ji. Mai Shayi ta nuna ta da haɓa ta ce, "Wannan ce wadda ka tsaya ka gaya mana an haifa, ka saya wa kowa shayi?" Direba ya ce ita ce, ga shi yanzu ita ke ba shi oda.

Da safe ya kasa miƙewa sai da ya dafa bango. Gwiwarsa ta dama ta kumbura. Auta ta gani, ta ce akwai motar gaggawa ta masu gadin daji, za ta iya kira su zo su ɗauke shi, ita ta ƙarasa da ɗaya daga cikinsu.

"Ba ke kika ce an hana mota ba?"

"Ban da ta gaggawa."

"To ba gaggawa nake ba. A hankali zan tafi."

Mai Shayi ta naɗe masa gwiwar da ƙyalle, Auta ta ɗaga masa sirdin kaɗan, ta nuna masa yadda zai riƙa sauya giya tun kafin hawa ya zo. Ya ce wannan ai ya sani tun ba a haife ta ba, kawai bai san keke ma haka yake so ba.

Rana ta biyu ta fi sauƙi, yawancinta gangare ne mai laushi a gefen rafi. Yanzu duk abin da zai faɗa sai ya fara da cewa, "A da dai, ban san yanzu ba." A da akwai idon ruwa mai kyau bayan wancan dutsen. Suka je, yana nan, ta rubuta. A da akwai zuma a kogon wancan itacen, kada a sa benci a ƙarƙashinsa. Suka tarar itacen ya faɗi. A da kwalbatin nan yana cika in an yi ruwa kwana biyu. Ta leƙa ta ga alamar laka har saman bakinsa, ta rubuta. Cikin abu goma da ya faɗa, shida ko bakwai suna nan yadda ya bar su. Ita ma ta daina buɗe taswira kafin ta tambaye shi.

Suka fito ta ƙofar wancan gefen ƙarfe huɗu da minti ashirin. Motar ofis na jira. Direba ya shiga gaba, ya miƙe ƙafar da ke ciwo, kafin su kai titi ya yi barci.

Rahoton Auta ya kai shafi goma sha tara. Shugabanta ya amince da shingen kwanar da fararen alluna, ya ƙi batun gyara gadar hanyar dama, ya ce a bar wa daji abinsa. Bayan wata biyar aka buɗe hanyar. Ba a daɗe ba aka tura Auta wani dajin mai nisa ta yi irin wannan aikin, sai ƙarshen wata take zuwa gida.

Direba ya samo keke na hannu a wurin wani maƙwabci. Bai sake bin hanyar gaba ɗaya ba, gwiwar ba ta yarda ba. Sau uku a mako yakan shiga da safe ya kai gindin Giya Ɗaya, ya huta, ya juyo.

Wata Asabar matarsa ta ce ita ma tana so ta ga dajin. Ba ta iya keke ba, kuma ta ce ba a wannan shekarun za ta koya ba. Suka hau motar haya zuwa ƙofar, suka shiga da ƙafa, tana riƙe da lema da ba ta buƙata. Wasu mata uku suka wuce su a kan kekuna suna hira, sai wani mutum da 'yarsa a kujerar baya. Duk wanda ya zo wucewa sai ya kaɗa ƙararrawa, su matsa gefe. A allon kilomita biyu akwai benci, ta zauna ta cire takalmi tana murza ƙafa. Ta dubi itatuwan sama da ƙasa.

"Nan ne kake zuwa kullum ka dawo mini da kaya duk baƙin mai?"

"Nan ne. Can gaba ya fi kyau."

"Nan ma ya isa," ta ce. Ta buɗe jakarta ta fito da lemo biyu, ta miƙa masa ɗaya ya ɓare musu.